Kada Tsoron Giya Ya Hana Mu Koyar Da Ilmin Tsimuwa

A cikin manhajar kemistare da ta bayoloji ta manyan makarantun sakandare akwai wani darasi da malamai da yawa a yankinmu na Gummi da Anka da Bukkuyum suke bi ta kansa da sauri, kamar mai taka garwashi. Darasin shi ne na tsimuwa, wato yadda wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suke juya sukari ya koma tsami, ko iska, ko barasa. Malam zai rubuta lissafin a allo, ɗalibai su kwafa, a haddace saboda jarrabawar WAEC ko NECO, shi ke nan an wuce wurin. Dalilin saurin ba ɓoyayye ba ne. Littattafan da muke koyarwa da su sun ɗaure wannan darasi da misalin giya, mu kuwa al'umma ce ta Musulmi, a jihar da ta ƙaddamar da shari'a a watan Oktoba na 1999, ta kuma haramta sayar da barasa.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, wannan sauri da muke yi asara ce babba. Ilmin tsimuwa yana cikin darussan da suka fi kusa da rayuwar ɗan Zamfara, domin shi ne ilmin kunun zaki da nono da daddawa da masa da burodi. Wanda ya san shi ya fi kowa iya tsare iyakar halas da haram a cikin tukunyarsa, ya fi kowa iya kare iyalinsa daga guba, kuma ya fi kowa sanin darajar dawar da ke cikin rumbunsa. Ana iya koyar da shi tsaf ba tare da an dafa ko cokali ɗaya na giya ba.

Abin Da Ba'amurke Yake Yi Da Masara

Bari mu fara daga nesa, sa'an nan mu dawo gida. A ƙasar Amurka an taɓa haramta giya baki ɗaya daga 1920 zuwa 1933. Ko bayan an ɗage haramcin, dafa giya a gida bai zama halal a dokar tarayyarsu ba sai da shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a wata doka a 1978. Tun daga lokacin dafa giya a gida ya zama abin sha'awa ga mutane da yawa a can. Cikin ire-iren da suke dafawa akwai wata da suke yi wa laƙabi da mai kirim, wadda ta samo asali a ƙarni na 19. Sunan yaudara ne, don babu madara ko man shanu a cikinta. Abin da ya bambanta ta shi ne ana haɗa sha'ir da masara wajen yin ta, masarar ce take sa ta yi fari-fari, ta yi sauƙin ɗanɗano.

Mu ba ruwanmu da abin da suke sha. Abin da ya shafe mu shi ne matsalar da masarar take jawo wa mai dafawa, da yadda yake warware ta. Ƙwayar masara cike take da sitaci, amma yisti ba ya iya cin sitaci, sai sukari. Don haka dole a sami abin da zai daddatsa sitacin ya koma sukari. Wannan abu yana cikin sha'ir ɗin da aka jiƙa ya tsiro. Sai dai sitacin masara ba ya narkewa sai da zafi mai yawa, irin zafin da yake kashe ƙarfin tsiron. Saboda haka mai dafawa yakan dafa tsakin masarar dabam a wata tukunya, ko ya sayi wadda aka riga aka turara a masana'anta, sa'an nan ya haɗa ta da tsiron sha'ir a ruwa mai matsakaicin zafi.

Duk matar da take yin kunun zaki a Gummi, in aka karanta mata wannan bayani, murmushi za ta yi, domin abin da take yi ke nan tun tana budurwa.

Kimiyyar Da Ke Cikin Kunun Zaki

Mu bi aikinta daki-daki. Takan jiƙa gero ko dawa ya kwana, ta wanke, ta kai niƙa tare da citta da kanumfari da ɗan barkono. In an dawo da ƙullun sai ta raba shi biyu, kashi babba da ƙarami. Kashi babban takan sheƙa masa tafasasshen ruwa ta dama ya yi kauri. Ba ta zuba ƙaramin kashin nan take. Sai ta jira ya ɗan huce tukuna, sa'an nan ta zuba ɗanyen ƙullun da ta ajiye, wanda ta haɗa da niƙaƙƙen tsiron shinkafa ko busasshen dankali. Ta rufe ya kwana. Da safe abin da ya kwanta da kauri ya tsinke, ya yi zaƙi, ya yi ɗan tsami mai daɗi. Ta tace, kunu ya samu.

Kowane mataki a nan yana da dalili na kimiyya. Tafasasshen ruwan yana fasa ƙwayoyin sitaci su kumbura, shi ne kaurin da ake gani. Tsiron shinkafa da dankali suna ɗauke da wani sinadari mai aiki da masana suke kira amiles, ɗaya daga cikin dangin inzayim. Aikinsa kamar almakashi ne: sitaci doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin sukari, amiles yana bin sarƙar yana yankewa gunduwa-gunduwa. In sarƙar ta gajarce kauri ya tafi, zaƙi ya fito. Irin wannan almakashi yana cikin yawun bakinmu, shi ya sa in ka daɗe kana tauna lomar tuwo za ka ji ta soma zaƙi. Jiran da matar take yi kunun ya huce shi ne asirin aikin, domin amiles ya fi ƙarfi a zafin da ke tsakanin digiri 60 da 70 a ma'aunin Salshiyos, tafasa kuwa tana lalata shi har abada. Ita ba ta da ma'aunin zafi, bayan hannunta ne ma'auninta.

Wasu Faransawa biyu, Payen da Persoz, su ne suka fara ware wannan sinadari daga tsiron sha'ir a 1833, kuma shi ne inzayim na farko da aka taɓa warewa a tarihin kimiyya. To, ina hikimar a ce ɗalibi ya haddace sunan amiles da Turanci, alhali bai san shi ne yake sa kunun gidansu zaƙi ba?

Hanya Biyu Daga Sukari

Da zarar sukari ya samu, sai baƙi su iso. A jikin hatsi da ƙwarya da hannu da iska akwai ƙananan halittu iri-iri. Wani ɗan ƙasar Holan mai suna Leeuwenhoek ya ga ƙwayoyin yisti da madubin ƙara girma a 1680, amma bai san aikinsu ba. Sai a tsakiyar ƙarni na 19 Louis Pasteur na Faransa, wanda wani mai masana'anta a garin Lil ya kai wa kukan cewa kayansa suna yin tsami suna lalacewa, ya gano cewa tsimuwa aikin rayayyun halittu ne, kuma kowace halitta da abin da take haifarwa. Ya wallafa bincikensa kan tsimuwa mai tsami a 1857. A 1897 kuma Bajamushe Eduard Buchner ya nuna cewa ko an murƙushe yisti, ruwan da aka matse daga jikinsa yana iya wannan aiki, wato inzayim ɗin da ke cikinsa ne ma'aikatan.

Hanyoyin da suka fi shafarmu biyu ne. Ta farko ita ce ta wasu bakteriya da suke juya sukari ya zama tsamin laktik. Su ne suke kama madara ta zama nono ko kindirmo, su ne suke ba kamu da koko da kunun zaki tsaminsu. Bafulatanar da take barin ɗan tsohon nono a ƙwarya ta zuba sabuwar madara a kai, iri take shukawa kamar manomi. Wannan tsami garkuwa ne, domin in ma'aunin tsami na pH ya sauko ƙasa da 4.5, yawancin ƙwayoyin da suke kawo gudawa ba sa iya yaɗuwa. Kakanninmu ba su da firiji, tsami ne firijinsu.

Hanya ta biyu ita ce ta yisti. Shi yana juya sukari ya zama abu biyu, barasar da ake kira itanol da iskar kabon-dayokzaid. Lissafin a bayyane yake: giram 180 na sukarin gulukos, in yisti ya cinye shi duka, yana ba da giram 92 na itanol da giram 88 na iska. Mai burodi da mai masa da mai fanke iskar suke so, ita ce take sa ƙullu ya tashi ya yi ramuka, ɗan itanol ɗin kuwa yawancinsa yakan tafi da zafin wuta, domin yana tafasa a digiri 78, kafin ruwa. Mai burukutu kuma itanol ɗin yake nema, shi ya sa yake barin ruwan tsiron dawa ga yisti har kwanaki.

Akwai ma hanya ta uku, ta daddawa, inda wata bakteriya dabam take aiki a kan furotin ɗin kalwa, ta fid da warin nan mai ƙarfi na amoniya. Ita ba tsami take haifarwa ba, kishiyarsa take haifarwa.

Abin lura a nan shi ne, halittun hanya ta farko da na ta biyu a tukunya ɗaya suke zaune. A daren farko na kunun zaki masu tsami ne suke da rinjaye. In kunun ya daɗe, musamman a zafin bazara da yakan haura digiri 40 a yankinmu, yisti yakan samu sarari ya soma nasa aiki. Alamominsa ba sa ɓuya: kumfa tana tasowa, gorar roba tana kumbura ta yi tauri, in an buɗe ta yi tsaki, zaƙi ya ragu, wari ya sauya. Ƙara sukari a kunun da zai yini a rana ƙara wa yisti abinci ne. Tsakanin abin sha na halas da abin da ya soma juyawa, tazarar ta sa'o'i ce da zafi da sukari.

Addini Bai Hana Sanin Iyaka Ba

Hukunci na malaman addini ne, ba na malamin kimiyya ba. Amma duk wanda ya zauna gaban malamai ya san magabata ba su kau da kai daga wannan magana ba. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, yana sha har zuwa yammacin rana ta uku, bayan haka ba ya ƙara ajiye shi. Malaman fiƙihu sun yi dogon bayani a kan alamomin juyawar irin wannan tsimi, kamar kumfa da tafasa ba wuta, sun kuma tattauna hukuncin giyar da ta rikiɗe da kanta ta zama khal. Yau mun san cewa kumfar da suka siffanta iskar yisti ce, rikiɗewar kuwa aikin wata bakteriya ce da take juya itanol ya zama tsamin asetik in ta samu iska. Sun lura da abin da ido ya gani sun gina hukunci a kai, kimiyya ta zo ta bayyana abin da ke ƙarƙashi.

Har ma kalmar da Turawa suke kiran barasa da ita, wato alkohol, daga Larabci ta fito, daga al-kuhl, wanda shi ne kwallinmu na ido. Ta shiga harsunan Turai ta hanyar littattafan masana kimiyya na Musulmi, irin zuriyar ilmin Jabir ɗan Hayyan da Al-Kindi da Ar-Razi, waɗanda suka ƙware wajen tace turare da magunguna. Garin Gummi shi ne mahaifar Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya fassara Alƙur'ani mai girma zuwa Hausa don mutane su fahimta da harshensu. Bai kamata 'ya'yan wannan gari su zama masu haddar kimiyya ba fahimta ba.

Uzurin Masu Tsoro

Wani uba zai ce, in kun koya wa yaro yadda sukari yake zama barasa, ai kun buɗe masa ƙofa. Wannan damuwa ce ta mai son ɗansa, ba abin rainawa ba ce. Amma mu dube ta da idon basira. Dafa burukutu ba sirri ba ne da yake ɓoye a littafin kemistare. An daɗe ana yin sa a ƙasar Hausa da maƙwabtanta tun kafin zuwan boko, kuma masu yin sa ba a aji suka koya ba. Abin da ya addabi matasan Arewa a shekarun nan ma ba daga tukunya ya fito ba, daga kwalba da ƙwaya ya fito, har gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Abin da yake tsare yaro shi ne tarbiyya da tsoron Allah da sanin illar abu. Darasin kimiyya na gaskiya yana ƙara wa na ukun ƙarfi, domin a nan ne yaro zai ji yadda itanol yake lalata hanta, yake dusashe ƙwaƙwalwa.

Duk da haka akwai iyaka, kuma ina goyon bayanta. Babu dalilin da zai sa a dafa giya a makaranta, ko a tace barasa da sunan gwaji, ko a ɗanɗana abin da aka bar wa yisti. Abin da aka yi gwaji da shi a zubar. Malamin da ya kiyaye wannan, ya kuma sanar da shugaban makaranta da iyaye abin da zai yi, ba shi da abin jin kunya.

Farashin Rashin Sani

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma a wannan fage duhun yana kisa. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane a Kano suka kwanta asibiti bayan shan wasu lemuka da aka haɗa da garin ɗanɗano, wasu suka rasu. Hukumar NAFDAC ta bayyana cewa an sayar da wani sinadarin masana'antu mai guba da sunan ɗan tsami. Da masu haɗa lemon sun san cewa ba kowane farin gari mai tsami ne abinci ba, da wataƙila an tsira. A 2015 kuma, a jihohin Ondo da Ribas, gomman mutane suka mutu bayan shan barasar gargajiya mai ɗauke da metanol, ɗan'uwan itanol wanda kaɗan daga cikinsa yake makantarwa.

Ko tsiro da muke yabo yana da nasa haɗari. Makiyaya sun san cewa ɗanyar dawa ƙarama tana iya kashe dabba. Dalili shi ne tohon dawa yana ɗauke da wani sinadari da yake sakin gubar sayanaid. Wannan sinadari yana taruwa a toho da saiwar tsiron dawa, don haka dole a shanya tsiro ya bushe sarai, a murje toho da saiwa, a sheƙe su, kafin a niƙa. Hatsin da aka jiƙa aka rufe kuma wuri ne da fumfuna take so, wata fumfunar kuwa tana haifar da gubar afalatoksin mai lalata hanta, wadda tafasa ba ta kashewa. A Kenya a 2004 masara mai wannan guba ta kashe mutum 125. Tsiron da ya yi fumfuna na juji ne. Haka nan kunun da aka dama da tafasasshen ruwa, in aka zo aka sirka shi da ɗanyen ruwan rijiya ko ƙanƙarar da ba a san asalinta ba, an mayar da hannun agogo baya, an buɗe wa kwalara da taifot hanya. Ɗanyar madarar da ba a tafasa ba ita ma tana iya ɗauko tarin fuka da wasu cututtuka daga saniya zuwa mutum.

Mu mutanen wannan yanki ba ma bukatar a ba mu labarin abin da kimiyyar cikin gida take iya yi in ba a san ta ba. A 2010 aka gano cewa gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Duwatsun zinariya ake kawowa cikin gidaje ana dakawa ana niƙawa, a tsakar gidan da ake shanya hatsi, yara suna rarrafe cikin ƙurar. Ba wanda ya yi nufin cutar da ɗansa. Abin da ya faru shi ne ilmin da ke cikin littafi bai taɓa tsallaka zaure ya shiga tsakar gida ba. Ɗalibin da aka saba masa ya dubi tukunyar uwarsa da idon kimiyya, shi ne zai dubi turmi da injin niƙa da rijiya da irin wannan ido.

Arzikin Da Ke Cikin Tsiro

Akwai kuma fuskar samu. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje. Kamfanonin da suka dogara da shi suka shiga neman madadi, idonsu ya faɗa kan dawa. Sun tarar da matsalar da muka ambata: sitacin dawa, kamar na masara, yana bukatar zafi fiye da na sha'ir. Ɗaya daga cikin hanyoyin da masana suka tabbatar ita ce a tsiyaye ruwan da ke ɗauke da inzayim a ajiye gefe, a dafa sitacin, a bari ya huce, a mayar da ruwan. Dabarar raba ƙullu biyu ke nan ta sa rigar boko. Irin dawar da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta Jami'ar Ahmadu Bello ta inganta, gajeriyar kaura mai lamba SK 5912, ta yi suna wajen yin tsiro mai kyau. Daga baya an ɗage hanin, amma dawa ta riga ta samu gindin zama. Tsiron dawa yana shiga lemukan malta marasa barasa da garin shayin yara da biskit. Nijeriya tana cikin manyan ƙasashen da suka fi noman dawa a duniya, Zamfara kuwa kirarinta noma abin alfaharinmu. Amma mu mukan sayar da dawa a buhu, a kai ta nesa a sarrafa, a dawo mana da ita a kwalba da gwangwani mu saya da tsada. Kaza ta kwana a kan dami da yunwa.

Amfanin da ya fi wannan kusa da zuciya shi ne na abincin yaye. Cikin jariri ƙarami ne. In aka dama masa kunu mai kauri ba ya iya haɗiya, in aka tsinka da ruwa sai ya cika cikinsa da ruwa, abinci kaɗan. A shekarun 1980 masu bincike a Indiya da Tanzaniya suka nuna cewa in aka barbaɗa ɗan garin tsiro a kunu mai kauri yana da ɗumi, cikin 'yan mintoci sai ya tsinke ba tare da an ƙara ruwa ba. Yaro zai sha kofi ɗaya ya samu ƙarfin da sai ya sha biyu ko fiye zai samu. Sharaɗin shi ne tsiron ya zama mai tsabta, an cire masa toho da saiwa, a kuma sake tafasa kunun kafin a ba yaro. A yankin da tamowa take cika asibitoci da yara kowace damina, wannan ilmi magani ne, kuma ɗalibar aji biyar tana iya kai shi gida.

Abin Da Malam Zai Iya Yi Gobe

Na san halin da makarantunmu suke ciki. Da yawa ba su da ɗakin gwaje-gwaje, matsalar tsaro kuma ta sha katse karatu. Wannan ma shi ya ƙara wa darasin tsimuwa daraja, domin kayan aikinsa suna kasuwar Gummi.

A sami kunu mai kauri a raba kofi uku. Na farko a bar shi haka nan. Na biyu a zuba masa garin tsiro yana da ɗumi. Na uku a zuba masa garin tsiron da aka riga aka tafasa. Kowane minti goma a ɗebi ɗigo daga kowanne a ɗiga masa aidin daga kantin magani. Sitaci yakan koma shuɗi mai duhu in ya haɗu da aidin. Ɗalibai za su ga launin yana dusashewa a kofi na biyu kaɗai, su gane da kansu cewa tafasa tana kashe inzayim.

A sami gorar roba uku, a zuba ruwan ɗumi da sukari da yistin burodi, a ɗaura balan-balan a bakin kowacce. Ɗaya a sa a rana, ɗaya a inuwa, ɗaya a cikin randa. A riƙa auna faɗin balan-balan da zare, a zana jadawali. Iskar da ta taru a bi da ita ta cikin tataccen ruwan farar ƙasa, a ga ya yi fari kamar madara. In an gama a zubar da abin da ke cikin gorunan.

In babu takardar gwada tsami, ruwan zoɓo ya isa. Yakan yi ja sosai a cikin tsami, ya koma kore-kore mai duhu in ya haɗu da kanwa. A gwada shi da nono da kamu da ruwan daddawa da ruwan toka, a jera su daga mai tsami zuwa kishiyarsa.

Sa'an nan a tura ɗalibai gida da tambayoyi. Awa nawa ake jiƙa gero? Me ya sa ake jira kunu ya huce? Yaya ake gane nono ya kama? A gayyaci gwanar kunu ko ta daddawa ta zo aji ta yi bayani, ɗalibai su fassara bayaninta zuwa harshen kimiyya. A ranar nan yaro zai gane cewa uwarsa masaniya ce, ita kuma za ta gane cewa bokon ɗanta yana da abin da zai ƙara mata.

Kira na ƙarshe ga jami'o'inmu, musamman ta Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da ta tarayya da ke Gusau, da kwalejojin horon malamai: a rubuta wa makarantun sakandare ƙananan littattafan gwaji da Hausa, waɗanda misalansu za su fito daga gero da dawa da nono da kalwa. A bincika yadda kunun zaki zai daɗe bai juya ba, ta hanyar dumama shi a rufaffiyar kwalba kamar yadda Pasteur ya koyar, domin matan da suke sana'arsa su daina asarar abin da ya kwana. Masu tsara manhaja kuma su sani cewa misalin giya ba shi kaɗai ne ƙofar shiga wannan darasi ba. Ku kuma ɗalibai, in an zo wannan babi kada ku yarda a wuce da sauri. Ku ɗaga hannu ku yi tambaya, ku koma gida ku buɗe tukunya ku duba. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya tsare mu daga abin da ya haramta.